A Unguwarmu Shara Ba Ta Cin Kuɗi

Mu mutanen unguwar nan ba marowata ba ne, kada wani ya yi mana sharri. Kuɗin 'yan sintiri muna bayarwa duk wata, ko da ƙunƙuni ne. Taransifoma ta ƙone, an bi gida-gida, mun bayar. Man janareton masallaci lokacin tarawihi, mun bayar. Anko kuwa ba a magana, matanmu har bashi suke ci su yi. Amma ka kuskura ka ce mana "kuɗin shara", nan take za ka ga mai fara'a ya haɗe rai, mai ji ya koma kurma.

"Tsaya, malam," in ji tela, don shi ne kakakinmu a irin wannan magana. "In sayi rake da kuɗina, in sha, sannan in sake biyan wani ya ɗauke ɓawon? To raken nawa ya tashi ke nan?"

Duk majalisa aka ce gaskiya ne. Har mai shayi sai da ya ajiye kofi ya ba shi hannu.

Kuma ba ƙazanta ce ta yi mana yawa ba. Shiga cikin gidajenmu ka gani. Tsakar gida safe da yamma sai ta sha tsintsiya, a wanke makewayi, a turara ɗaki. Matar da aka samu tsakar gidanta kaca-kaca, sai labarinta ya kai gidan suna. Abin dai shi ne, tsaftarmu a bakin zaure take tsayawa. Da zarar shara ta tsallake dokin ƙofa ta zama ta Allah da gwamnati, mu mun fita.

Hanyar farko ita ce almajiri. Kowane gida da nasa. Ya zo da safe, uwargida ta miƙa masa tsohon bokitin fenti ko buhun shinkafa da aka cika har ya kasa ɗauruwa, ta ce, "Maza kai bola, ka dawo ka karɓi ɗumame." Wani gidan a haɗa masa da naira 50 ko 100. Wannan a wurinmu ba biya ba ne, sadaka ce, shi ya sa ba ta shiga lissafi. Bolar unguwa kuwa tana can tsallaken titi, sai an wuce injin markaɗe, an wuce makarantar firamare, an jira motoci sun ba da hanya. Yaro ɗan shekara 10, ga kaya a ka, ga ruwan shara yana zubo masa ta wuya, ga yunwa. Sai ga shi ya dawo da bokiti fanko tun ruwan kunu bai tafasa ba. Uwargida ta san nisan bola sarai, da ƙafarta take wucewa ta wurin in za ta asibiti. Amma abin da za ta ce shi ne, "Kai, yaron nan akwai zafin nama, Allah ya yi maka albarka." Ba ta tambaya ba, bai faɗa ba, an rabu lafiya.

Inda ya kai ta kowa ya sani: kangon Alhaji. Wani bawan Allah ne da ke aiki a Abuja ya sayi fuloti a bayan layinmu, ya ɗora bulo har linta, kuɗi suka tsaya. Shekara ta farko ciyawa ce a ciki. Ta biyu wani ya jefa leda ɗaya ta taga. Yanzu in ka leƙa, shara ta kusa kamo tagar da kanta. Da Alhaji ya zo hutun Sallah ya gani, sai ya sa aka rubuta da jan fenti a jikin katanga: "Don Allah a daina zuba shara a nan." Muka ce ka ji mutum mai ladabi, muka ci gaba. Da ya sake zuwa aka ƙara layi: "An hana zuba shara a nan. Tara naira 5,000." Muka tambayi juna wa zai karɓi tarar, tunda mai fulotin yana Abuja. Zuwa na uku ba a tsaya wasa ba, aka rubuta da manyan baƙaƙe: "Allah ya isa ga duk wanda ya zuba shara a nan."

To wannan ya ɗan taɓa mu, don Allah ya isa ba abin wasa ba ce. Kwana biyu almajirai suna dawowa a makare. Sai wani mai fahimta ya lura cewa rubutun a katangar gabas yake, kuma "a nan" aka ce. Aka koma ta yamma.

Wata hanyar kuwa bayan isha'i ake bin ta. Abin dariyar shi ne, mu ɗin nan ne iyayenmu mata suka hana mu shara da dare, wai tana kore arziki. Har gobe amarya ba ta ɗaukar tsintsiya bayan magariba a gaban uwar miji. Sharewa ce dai aka hana. Fita da ita a lulluɓe cikin mayafi, a waiga hagu a waiga dama, a ajiye a gindin turken wuta na ƙofar gidan maƙwabci, wannan camfin bai ce komai a kansa ba.

Da rani wuta ce maganinmu. Yamma ta yi, kowane lungu da ɗan tsibinsa yana ci. In ganyen darbejiya ne da takardu, minti kaɗan sun zama toka. Amma sharar yanzu ba ta ci da daɗi, sai dai ta yi ta turnuƙewa: roba ta narke, leda ta dunƙule, hayaƙi baƙi mai ɗaci ya kwanta a lungu ya ƙi tashi, balle da hunturu, lokacin da ƙura ta riga ta rufe sama. Telan nan da ya yi mana lissafin rake yana da asma. Duk ranar da aka kunna shara kusa da shagonsa sai ya rufe keke ya koma gida yana numfashi da ƙyar, ya sayi abin shaƙa da kuɗin ɗinkin kwana biyu. Ka ce masa hayaƙin roba ne, ya ce a'a, sanyi ne ya shige shi.

Damina kuwa ita ce babbar motar sharar unguwa, ba ta fashi, ba ta neman ko sisi. Hadari ya haɗo daga gabas, iska ta fara kaɗa labule, mai shanya tana kwashe kaya, sai ka ji murya daga cikin gidaje: "Kai, ku fito da sharar nan, ruwa zai sauko!" Ba a zubawa da yayyafin farko, wannan aikin sabon shiga ne. Sai an bari kwata ta cika ta fara gudu da ƙarfi. Sannan yara su fito a guje, wani da bokiti, wani da kwando, wata da fasasshiyar roba a ka, su juye, su tsaya cikin ruwa suna ihu suna kallon ledar wa za ta riga ta wa shan kwana. Ruwa ya ɗauke, lungu ya yi fes, mu ce alhamdu lillahi, ruwan bana mai albarka ne.

Mu 'yan tudu ke nan. 'Yan gangare labarinsu daban. Duk abin da muka sallama, a bakin kwalbatin da ke ƙarshen layinsu yake yada zango. Gorar ruwa ta tokare, buhu ya biyo ya rufe, leda ta liƙe sauran ƙofofin, ruwa ya rasa hanya ya juyo cikin zaure. Tsakar dare sai ka ji su suna kwarfa da kwano, katifa a kan kujera, buhun masara a kan katifa. Gari ya waye dattijonsu ya hauro da wando a naɗe ya yi mana sallama. Mu tarbe shi da jaje: "Ashe abin da ya faru ke nan? Sannu, Baba. Ikon Allah sai kallo." Shi ma ba ya iya ɗaga murya sosai, don su ma suna zubawa, akwai waɗanda ke ƙasa da su. Haka ake ta miƙawa har ta faɗa rafin Jakara. A gefen Jakara kuwa, can gaba, masu lambu ne ke jan ruwan suna ba latas da kabeji da karas. In Sallah ta zo muka yi salak, mu yi ta yabon yadda ganyen ya yi kore shar.

Akwai wani tsoho a unguwar da ya ga zamanin En'e, shi ne kaɗai yake sa mu yi shiru in ana wannan hira. Ya ga duba-gari da idonsa, lokacin da ma'aikaci zai shigo har tsakar gida ya buɗe randa, in ya ga tsutsar sauro sai sammaci. Amma ba tsoron duba-gari yake ba mu labari ba. Cewa yake, "'Ya'yan nan, ai mu ba mu da shara. Me za mu zubar?"

Sai ya fara ƙirgawa da yatsu. Ragowar tuwo a shanya ta zama ƙanzo, masu kiwo su zo har gida su saya. Dusa ta akuya ce. Ƙaiƙayi da tsaba na kaji. Ɓawon rogo da na dankali da ganyen da aka tsince, duk turke ake kai su. Toka a yi wanke-wanke da ita, ko a tace ta a yi ruwan toka na miya. Cefane a kwando ake zuwa da shi, mai a kwalba, fura a ƙwarya, alala a ganye ko gwangwani, tsire a takarda, takardar kuma a hura wuta da ita. Abin da ya rage, toka da kashin awaki da ƙurar tsakar gida, shi ne juji, kuma juji dukiya ne. Da rani mutanen ƙauyukan da ke kewaye da birni, ta wajen Ungogo da Kumbotso da Gezawa, sukan shigo da jakuna ɗauke da itace, su sayar, su cika mangala da takin juji su koma da shi gona. Da wannan taki ne gonakin bakin Kano suke ba da gero da dawa shekara da shekaru ba a bar su sun huta ba. "Manomi ne zai yi maka sallama," in ji tsohon, "ya roƙe ka sharar gidanka, da kaka ya aiko maka da damin dawa na godiya. Yanzu ku ce in biya a ɗauke?"

Nan ne na ga bakin zaren. Ƙin biyan nan namu ba rowa ba ce tsagwaronta, gado ne. Mun taso mun tarar shara tana da masu nema, sai muka riƙe halin. Halin yana nan daram, sharar ce aka canza mana ba mu lura ba.

Ko kududdufai ma haka ne. Ramukan da aka haƙa aka ɗebi ƙasar gina gidaje da ganuwa, su ne suka zama matattarar ruwan sama a cikin birni, kuma gefensu ne jujin unguwa. Da ƙasa ta yi tsada sai aka gano cewa shara ciko ce. Mai fili a bakin kududdufi har roƙo yake a zuba masa, wani ma ya kafa allo yana neman shara. A cike, a danne da jar ƙasa, a yanka fulotai, a yi gini. An sami wurin zubar da shara kyauta na wasu shekaru, an sami gidaje, ruwan da ke kwanciya a wurin kuma aka bar shi ya nemi masauki da kansa. Yana samu kuwa, a ɗakunan mutane.

Har yau duk abin da ke da mai so ba ya kwana a bola. 'Yan jari-bola suna zagayawa da kura da ɗan ma'auninsu, suna sayen tsohuwar tukunya, da gwangwani, da wayar wuta, da mataccen batirin mota. Ƙarfe ya nufi Ƙofar Ruwa da ire-irenta, fasassun robobi da tsofaffin silifa a kai inda ake niƙa su, masana'antun roba na Sharaɗa da Bompai su mayar da su buta da bokiti, mu sake saya. Gorar lemo ba ta taɓa ƙasa, masu zoɓo da kunun aya da man gyaɗa suna jira. Yaranmu sun fi mu sanin farashin kilo, shi ya sa in murfin tukunya ya ɓace a gida ba a tuhumar aljanu. Direbobin tifa ma har yanzu suna kai wa manoma sharar gari da rani, sai dai manomin yanzu sai ya sa yara sun tsince leda da fasassun kwalabe da allurai kafin ya baza, in ba haka ba garma ta yi ta tono leda shekara da shekaru.

To in an cire na akuya, an cire na mai ƙanzo, an cire na jari-bola, me ya rage a bokitin fentin nan? Baƙar leda, wadda ko barkonon naira 50 ka saya sai an ƙulla maka a ɗaya an saka a wata. Ledar fiya-wata, wadda ta shigo mana a shekarun 1990 ta zauna. Farin kwanon tafi-da-gidanka na gidan biki. Sai uwa-uba famfas, wanda wuta ba ta ci, ƙasa ba ta ci, kare kaɗai ke sha'awarsa, ya ja shi har ƙofar masallaci. Wasu mata ma ba sa yarda a ƙona shi, wai gindin jariri zai yi ƙuraje. Abin da babu mai so ko a kyauta, shi ne muke jiran wani ya zo ya ɗauka a kyauta.

Akuya dai tana ƙoƙari. Ita ba ta san an canza shara ba, duk ledar da ta ji ƙanshin mai ko gishiri a jiki sai ta haɗiye. Tambayi mahauta abin da suke cirowa daga tumbi: dunƙulen leda a murɗe, wani ya kai girman kan yaro. Dabba tana ci tana ramewa, ciki ya kumbura, mai ita ya ce sammu ne.

Mai gadin gidan wata Hajiya a unguwar mutumin Maraɗi ne. Ranar nan ya ce su can Nijar tun 2014 aka yi dokar hana irin wannan leda. Muka ce to madalla, yanzu ke nan babu leda a Maraɗi? Ya yi dariya har rawaninsa ya kusa kwancewa, ya ce mu je mu duba ƙayoyin bayan gari. Malamin makarantar da ke haya a gidan kwana ya ce amma Ruwanda ta hana tun 2008, Kenya ta bi a 2017, kuma su da gaske suke yi, Legas ma ta hana farin kwanon nan a 2024. Tela ya ce to a hana, shi ba ya jayayya da doka, amma a fara gaya masa a cikin me mai wake da shinkafa za ta ƙulla masa yaji.

Gwamnati dai tana da hukumar kwashe shara, REMASAB, da motocinta da wuraren tarawa a bakin manyan tituna. Lungunmu kuwa ko a-daidaita-sahu sai ya shiga da baya, saboda kowa ya ci taku biyu na hanya ya yi dakali ko shago. Akwai kuma tsaftar ƙarshen wata, Asabar ta ƙarshe, daga ƙarfe 7 zuwa 10 na safe, abin da ya samo asali tun yaƙi da rashin ɗa'a na zamanin Buhari da Idiagbon a tsakiyar shekarun 1980. Waɗanda suka ga lokacin sun ce da gudu ake fitowa da tsintsiya, don soja ba ya tambaya sau biyu. Yanzu ranar ta kasu uku. Magidanta su rama barci. Samari su kafa duwatsu a tsakiyar titi su buga ƙwallo tunda babu mota. Sai 'yan ƙungiyar unguwa, Allah ya saka musu, su fito da shebur da manjagara su yashe kwata, su tara baƙin taɓo tsibi-tsibi a gefenta. Daga nan aiki ya ƙare, don babu wanda ya tanadi baro, babu kuɗin haya. Tsibin ya bushe, kaji su tona, babura su bi ta kai, ruwa na gaba ya mayar da shi inda aka ciro shi. Wata mai zuwa a sake fitowa a yashe shi, har an saba da juna.

Malamin makarantar nan, da yake lissafi yake koyarwa, ya taɓa ɗaukar biro a majalisa zai nuna mana cewa muna biya ba mu sani ba. Ya rubuta na almajiri. Ya rubuta karo-karon yasar kwalbati duk damina. Ya rubuta maganin sauro na kunnawa da na fesawa, da allurar zazzaɓin yara, da katifar 'yan gangare, da akuyar Iya mai ƙosai da ta haɗiyi leda. Bai kai ga haɗa jimla ba aka ce masa, "Malam, shayinka zai huce."

Bara sai ga wasu samari da rigar aiki iri ɗaya da babur mai ƙafa uku, sun ce kamfani ne, za su ajiye wa kowane gida duro, su riƙa kwashewa sau 2 a mako, a biya su a wata. Mai unguwa ya tara mu a ƙofar gidansa bayan la'asar. Liman ya buɗe da addu'a, ya yi nasiha a kan haƙƙin maƙwabci da haƙƙin hanya, kowa yana gyaɗa kai yana kallon na kusa da shi. Laifi tudu ne. Da aka zo maganar kuɗi sai wani gwauro ya miƙe.

"Ranka ya daɗe, ina da tambaya. Ni kaɗai ne a ɗakina, sharata ledar burodi ce da ta shayi. Maƙwabcina Alhaji kuma mata 4, 'ya'ya sun fi 20, ban da jikoki. Kuɗinmu ɗaya?"

Alhaji ya ce ai gida ake ƙirgawa, ba kai ba. Mai gidan haya ya ce in gida ne, nasa ɗaki 12 ne, duro ɗaya ba zai ishe su ba, kuma shi ba a gidan yake kwana ba, a tambayi 'yan haya. 'Yan haya suka ce a cire a kuɗin haya. 'Yan gangare suka ce su ba za su biya a kwashe sharar da ba su suka yi ba, 'yan tudu su fara. Wani ya ce shi bai ƙi ba, amma wa ya tabbatar masa samarin nan ba kangon Alhajin Abuja za su riƙa juyewa ba? Wannan tambaya ta yi nauyi, don duk wanda ke wurin ya san hanyar. Ana cikin haka aka kira magariba. Mai unguwa ya kafa kwamiti na mutum 7, aka sa malamin makaranta sakatare, aka shafa fatiha.

Gida 5 ne suka karɓi duro. Wata biyu samarin suna zuwa, suka ga kuɗin bai isa man babur ba, suka daina. Durukan kuwa masu kyau ne, shuɗaye, da murfi mai kamawa. Hajiya ta sa an wanke nata da omo da ruwan zafi, yanzu 'yan garuwa ke cika mata shi duk safiya. Na gidan tela gero ne a ciki, ya ce ɓera ba ya iya huda shi.